Haɗa lokuta biyu a jimlar "si" ta Faransanci: ina ya halatta, ina ya zama kuskure?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun Faransanci, ina shirin zana jarrabawar DELF B2 ta tantance ƙwarewa a harshen. Tun muna sakandare aka haddatar da mu cewa jimlar si iri uku ce: si da présent sai futur, si da imparfait sai conditionnel présent, si da plus-que-parfait sai conditionnel passé. Sai ga shi a wata jarida na ci karo da wannan: 'Si le gouvernement avait écouté les paysans, nous n'en serions pas là aujourd'hui.' Farko plus-que-parfait, ƙarshe kuma conditionnel présent. Kuskuren ɗan jarida ne? Sannan ni da na rubuta 'Si j'étais là hier, je t'aurais aidée', malamarmu ta ja mini jan biro, alhali ni ma haɗawar na yi. Me ya sa nasa ya wuce, nawa bai wuce ba?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ɗan jaridar bai yi kuskure ba, malamarki kuma ba ta zalunce ki ba. Abin da kike son sani shi ne: in har ya halatta a ɗauko rabin wannan tsari a haɗa da rabin wancan, mece ce ƙa'idar haɗin, kuma ina iyakarta? Amsar ba ta cikin haddar da aka ba ku. Tana cikin wata tambaya da za ki riƙa yi wa kowane sashe na jimlar shi kaɗai: yaushe?

Abin da haddar sakandare ta ɓoye

Jimlar sharaɗi sashe biyu gare ta. Akwai sashen sharaɗi, wanda si ke ja gaba, akwai kuma sashen sakamako. Tsarin nan uku da aka koya muku daidai ne, sai dai an zaɓo muku yanayin da ya fi sauƙi, wato inda sharaɗin da sakamakon suka faɗo a lokaci guda: duka biyun yanzu, ko duka biyun a baya. Rayuwa kuwa ba haka take tafiya ba. Abin da mutum ya ƙi yi bara shi ke damunsa bana, halin da yake da shi tun fil'azal shi ya jefa shi cikin rigimar jiya.

Mu ajiye tsari na farko tukuna, mu tsaya kan abin da bai faru ba, wanda ake ƙaddarawa kawai. A sashen si, zaɓi biyu ne ke gabanki. In sharaɗin na yanzu ne ko na kullum, imparfait. In na baya ne, ya wuce an rufe babinsa, plus-que-parfait. A sashen sakamako ma zaɓi biyu ne. In sakamakon na yanzu ne ko na gaba, conditionnel présent. In na baya ne, conditionnel passé. Biyu sau biyu huɗu ke nan. Littafin aji ya ba ku biyu, ya bar biyu, kuma waɗannan biyun da aka bari su ne haɗin da kika gani. Ba wani tsari na musamman ba ne da za a sake haddacewa, ƙa'idar ce dai ake bi a kowane sashe daban.

Wani abu da ke rikita ɗalibai tun daga tushe: imparfait da ke bayan si a irin wannan jimla ba ya nuna lokacin da ya wuce. Siffarsa ta baya ce, amma aikinsa shi ne ya nesanta maganar daga gaskiya. "Si j'avais de l'argent" ba ta nufin "sa'ad da nake da kuɗi", tana nufin "da ina da kuɗi", a yanzu, ba ni kuwa da su. Tunda imparfait ya riga ya tafi wannan aiki, duk mai son komawa baya na haƙiƙa dole ya ƙara ja da taki ɗaya, ya ɗauki plus-que-parfait: "si j'avais eu de l'argent".

Inda Bahaushe ke tuntuɓe

Hausa tana da nata tsarin, mai sauƙi kuma mai kyau: da a farko, da a tsakiya. "Da ina da kuɗi da na sayi mota." To amma yaushe? Jimlar ba ta faɗa ba. Tana iya zama maganar yau, tana iya zama maganar bara lokacin da aka yi gwanjon motoci. Mu kan bar wa zance ya fayyace, ko mu jefa "yanzu", "jiya", "bara". Faransanci ba ya yarda da wannan sassaucin, yana tilasta wa kowane aikatau ya ɗauki lokacinsa a jikinsa. Shi ya sa jimlar Hausa guda take iya haifar da jimla fiye da ɗaya a Faransanci. "Si j'avais de l'argent, j'achèterais une voiture" maganar yau ce gaba ɗaya. "Si j'avais eu de l'argent, j'aurais acheté une voiture" maganar bara ce gaba ɗaya. "Si j'avais eu de l'argent l'an dernier, j'aurais une voiture aujourd'hui" kuwa ta fara a bara ta ƙare a yau: da na samu kuɗi bara, da yanzu ina da mota.

Ki dubi ta ukun da kyau, don akwai tarko a ciki. "J'aurais une voiture" ba conditionnel passé ba ne, ko da yake kin ga aurais. A nan avoir shi ne aikatau ɗin kansa, ma'anarsa mallaka, don haka conditionnel présent ne. Sai an bi aurais da participe passé, kamar "j'aurais acheté" ko "j'aurais eu", sannan ya zama na baya. A takardun ɗalibai da nake dubawa, wannan na cikin abin da ya fi yawan jawo a karkasa jimla a gidan da ba nata ba.

Sai dai Hausar da ta sa ki tuntuɓe a nan, ita ce za ta taimake ki a wani wurin, domin ta raba abin da Faransanci ya cusa a kalma ɗaya. In kin juya jimlar a ranki kika ji "idan" ko "in" ce ta dace, to abin mai yiwuwa ne, kuma aikatau na sassan biyu zai zauna a indicatif (irin su présent, futur da passé composé) ko umarni. In "da" ce ta dace, ko "da za", to ƙaddarawa ce, sakamakon zai ɗauki conditionnel. In kuwa "ko" ce ta fito, ba jimlar sharaɗi ba ce sam. Zan dawo kan wannan.

Haɗi na farko: sharaɗi a baya, sakamako a yanzu

Wannan shi ne na ɗan jaridarki, shi ne kuma ya fi yawa a bakin mutane, domin shi ne harshen da-na-sani da na ɗora laifi. "Si le gouvernement avait écouté les paysans": sauraron bai faru ba, damarsa ta wuce, saboda haka plus-que-parfait. "Nous n'en serions pas là aujourd'hui": halin da ake ciki na yau ne, ga aujourd'hui ma ta faɗa, saboda haka conditionnel présent. Da gwamnati ta saurari manoma, da yau ba mu cikin wannan hali. "En être là" daskararren zance ne, ma'anarsa kaiwa ga wani matsayi, yawanci maras daɗi, kuma "on n'en serait pas là" za ki ji ta ba adadi a muhawarar siyasa da faɗan cikin gida. Ki riƙe ta dunƙule.

Ga wasu. "S'il avait plu en août, les greniers seraient pleins maintenant": da an yi ruwa a watan Agusta, da yanzu rumbuna cike suke. "Si tu avais pris le car de six heures, tu serais déjà à Zinder": da ka hau motar ƙarfe shida, da yanzu kana Damagaram. "Si elle avait accepté ce poste, elle habiterait à Niamey": da ta karɓi aikin nan, da yanzu a Yamai take zaune.

Ki lura da irin aikatau da ke fitowa a sashen sakamako: être, avoir, habiter, savoir, connaître, vivre, pouvoir. Duk masu nuna hali ne ko zama, ba aukuwar abu sau ɗaya ba. Wannan ba doka ba ce, amma alama ce mai ƙarfi. Haka kalmomin lokaci irin su aujourd'hui, maintenant, actuellement, encore, à l'heure qu'il est: da kin gan su a sashen sakamako, ki sa ran conditionnel présent. Gwada misalin mota da ɗan canji ki gani. "Tu serais déjà à Zinder" tana maganar inda mutumin zai kasance a wannan sa'a. "Tu serais arrivé à Zinder avant midi" tana maganar isowar da za ta auku kafin sha biyun rana, wadda ta riga ta wuce. Sharaɗi ɗaya, sakamako biyu, kowanne daidai, ya danganta da abin da mai magana ke kallo.

Sakamakon yana iya zarcewa gaba ma. "Si j'avais obtenu mon visa, je partirais demain": da na samu biza, da gobe zan tafi. Faransanci ba shi da wata siffa daban ta ƙaddarawa don gobe, conditionnel présent ɗin ne ke ɗaukar yau da gobe duka.

Akwai wurin da siffa ba ta raba gardama. "Sans ce médecin, il serait mort." Ana iya karanta "serait mort" a matsayin conditionnel passé na mourir, da ya mutu, ko a matsayin serait da sifa, da yanzu matacce ne. Haka "elle serait partie", "ils seraient mariés". Ma'anar biyun ta yi kusa har ba wanda ke damuwa, kuma ba a ƙwace maki a kai.

Haɗi na biyu: sharaɗi na kullum, sakamako a baya

Wannan ya fi ƙaranci, ya fi kuma buƙatar hankali, nan ne ma jimlarki ta zame. Ana amfani da imparfait a sashen si tare da conditionnel passé ne idan sharaɗin bai taƙaita ga ranar da abin ya faru ba, wato gaskiya ce jiya, gaskiya ce yau: hali, iyawa, asali, nisan gari, dangantaka. "Si je parlais arabe, j'aurais compris le sermon": da ina jin Larabci, da na fahimci huɗubar. Huɗubar ta wuce, amma rashin jin Larabcin yana nan daram. "Si Agadez n'était pas si loin, nous serions allés au mariage": da Agadas ba ta da nisa haka, da mun je bikin. Biki ya watse, gari bai matso ba. "Si j'étais toi, je n'aurais pas signé": da ni ne kai, da ban sa hannu ba.

Yanzu dubi waɗannan biyun, don a nan ne daɗin abin yake. "S'il avait été honnête, il aurait rendu l'argent." "S'il était honnête, il aurait rendu l'argent." Duka biyun nahawunsu lafiya lau, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ta farko tana cewa a wannan karon bai yi gaskiya ba, ta bar masa ƙofa, wataƙila kuskure ne na rana ɗaya. Ta biyu ta yanke masa hukunci: shi dama ba mai gaskiya ba ne, rashin mayar da kuɗin shaida ce kawai. Wanda ke rubuta wasiƙar koke ko yake sasanta rigima ya kamata ya san wacce ya ɗauko, don ta biyun zagi ce a lulluɓe. Haka matar da ta ce wa mijinta "Si tu m'aimais, tu serais venu" ba zancen rashin zuwansa kaɗai take yi ba, son ne gaba ɗaya ta sa wa alamar tambaya.

To ga jimlarki: "Si j'étais là hier, je t'aurais aidée." Yi wa sashen farko tambayar. Yaushe? Jiya, ke da kanki kika rubuta hier. Kasancewarki a wurin ba hali ba ne na kullum, abu ne na yini ɗaya da ya wuce. Imparfait bayan si na ƙaddarawa yana nuni da yanzu ko kullum, hier kuma tana ja baya, sai suka yi karo. Gyaran shi ne "Si j'avais été là hier, je t'aurais aidée." Wato jimlarki ba ta ma buƙatar haɗi, tsari na uku ne tsantsa. Abin da ya ja ki, kusan tabbas, Hausa ce: "da ina nan jiya". Wannan "ina nan" yana kama da abu mai ci, hannu sai ya tafi ga étais. Za ki ji masu magana da Faransanci suna faɗin irin taki a hira, ba wanda zai kasa gane ki, amma a rubutun jarrabawa kuskure ake ƙirga ta.

Ba wai "si" da imparfait da hier ba sa taɓa zama tare ba. Suna zama, amma da wata ma'ana: "S'il était là hier, il a tout entendu." Idan dai yana nan jiya, to ya ji komai. Ga "idan" ta fito, ba "da" ba. Mai magana bai ce mutumin ba ya nan ba, lissafi yake yi kan abin da mai yiwuwa ya faru, don haka imparfait ɗin na baya ne na gaske, sakamakon kuma passé composé ne, ba conditionnel ba.

Haɗi a ɓangaren abin da ke iya yiwuwa

Tsari na farko ma ba a daskare yake ba. Bayan si ana iya sa passé composé idan sharaɗin abu ne da ake ɗaukar ya kammala: "Si tu as fini, rends ta copie", in kin gama ki miƙa takardarki. "Si le car est parti à six heures, il arrivera vers midi." "S'il a dit cela, il a menti." Sakamakon yana iya zama présent, futur, futur antérieur, passé composé ko umarni, gwargwadon lokacin da yake nufi.

Abin da ba a yi shi ne tsallaka katanga tsakanin mai yiwuwa da ƙaddarawa. "Si j'avais le temps, je viendrai" kuskure ne: farko ya ce abin ba haka yake ba, ƙarshe ya yi alkawari. Sau da yawa wannan ba kuskuren tunani ba ne, na rubutu ne, domin viendrai da viendrais a bakin mutane da yawa sauti ɗaya suke fita. Maganinsa: ki canza je zuwa il a ranki. "Il viendra" da "il viendrait" ba sa rikicewa a kunne. In viendrait ce ta zauna, to ki sa s a ƙarshen taki.

Akwai togiya guda da za ki riƙa gani: conditionnel na ladabi ko shawara yana bin si da présent ba tare da matsala ba. "Si vous avez un moment, je voudrais vous parler." "Si tu es malade, tu devrais aller au dispensaire." A nan voudrais da devrais ba sakamakon ƙaddarawa ba ne, tausasa magana kawai suke yi. Vouloir, devoir, pouvoir, aimer da falloir ne suka fi yin haka.

Dokar da ba ta motsi

Duk haɗin da za ki yi, si na sharaɗi ba ya karɓar futur ko conditionnel a sashensa. Yaran makaranta a Faransa suna haddace ta da cewa "les si n'aiment pas les rais", wato si ba ta son ƙarshen -rais na conditionnel. "Si j'aurais su" ana jin ta a bakin jama'a a Faransa da Kanada da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, amma duk mai gyaran takarda zai soke ta. "Si j'avais su" ita ce daidai.

Inda za ki ga si da futur ko conditionnel kuma babu laifi, shi ne si mai ma'anar "ko": "Je ne sais pas s'il viendra", ban sani ba ko zai zo. "Elle m'a demandé si je pourrais l'aider", ta tambaye ni ko zan iya taimaka mata. Tambaya ce aka saka cikin jimla, dokar sharaɗi ba ta hau kanta ba. Même si da comme si suna bin dokar si. Au cas où kuwa conditionnel take ɗauka: "au cas où il pleuvrait". À condition que, pourvu que da à moins que na subjonctif ne.

Kan ginin siffofin ba sai na daɗe ba, tunda kin kai matakin B2. Conditionnel présent saiwar futur ce da ƙarshen imparfait, kuma masu taurin kai su ne waɗanda kika sani: ser-, aur-, ir-, fer-, pourr-, voudr-, viendr-, verr-, saur-, devr-, enverr-. Inda maki ke zubewa shi ne daidaita participe passé, domin hankali ya tafi kan lokuta an manta da shi: "si elles étaient venues", "si je l'avais vue" in mace ce aka gani, "nous nous serions trompés". A nan kin yi daidai da kika rubuta aidée, muddin wadda za a taimaka mace ce. Sannan si tana haɗewa da il da ils kaɗai, s'il da s'ils, amma si elle da si on suna nan a rabe.

Sharaɗi ba tare da si ba, da sharaɗi biyu a jere

Haɗin lokuta bai dogara da si ba. "Sans ton aide, je serais encore au chômage": ba don taimakonka ba, da har yanzu ba ni da aiki. "Il a raté son vol, sinon il serait déjà ici." "En partant plus tôt, tu serais maintenant à la maison." A magana ta baki kuma za ki ji conditionnel biyu a jere babu si: "Tu me l'aurais dit, je ne serais pas dans cette situation." Wannan karɓaɓɓe ne, ba irin "si j'aurais" ba ne, sai dai na hira ne, kada ki kai shi wasiƙar hukuma.

In sharaɗi biyu ne, kowanne na iya ɗaukar lokacinsa: "Si tu avais révisé et si tu étais moins pressé, tu aurais réussi." Bitar ta ranar ce, gaggawar halinsa ce. Nahawun gargajiya ya yarda a maye si ta biyu da que a bi ta da subjonctif, amma maimaita si ya fi sauƙi, ba kuma ya rage darajar rubutu.

A tsofaffin littattafan adabi za ki haɗu da "s'il eût su, il ne fût pas venu". Daidai take da "s'il avait su, il ne serait pas venu". Ki gane ta in kin gani, ba sai kin rubuta ba.

Iyakar wannan awo

Tambayar "yaushe?" tana warware mafi yawan jimloli, amma akwai wurare biyu da ba ta isa ita kaɗai. Na farko, inda sharaɗin gaskiya ne a da, gaskiya ne a yanzu, kuma mai magana bai damu da bambancin ba. "Si je parlais arabe, j'aurais compris" da "Si j'avais parlé arabe, j'aurais compris" duka suna wucewa. Ta biyun ta fi dacewa in daga baya mutum ya koyi Larabcin, ta farkon in har yanzu bai iya ba, amma masu harshen ba kullum suke tsantseni a nan ba. In aka ba ki cike-gurbi babu wata kalmar lokaci, babu labarin da ya kewaye jimlar, ki bi tsarin aji, shi mai tambayar ke jira.

Na biyu, maganar da aka ruwaito. "Il a dit que s'il avait le temps, il passerait." A ido tsari na biyu ne, amma mai yiwuwa abin da mutumin ya faɗa shi ne "si j'ai le temps, je passerai", ruwayar ce ta ja lokutan baya. Daga siffa kaɗai ba za a gane alkawari ya yi ko uzuri ya kawo ba, sai an dubi abin da ke gaba da baya.

Yadda za ki saba da shi

Hanyar da na ga ta fi kama hannun ɗalibai ita ce a fara daga gaskiya a juya ta. Rubuta gajerun jimloli biyu kan abin da ya faru da gaske, dalili da sakamako: "Je n'ai pas dormi cette nuit. Je suis fatiguée." Sai ki juya kowacce ita kaɗai. Dalilin da ke passé composé ya koma plus-que-parfait, wanda ke présent ya koma imparfait. Sakamakon da ke présent ya koma conditionnel présent, wanda ke passé composé ya koma conditionnel passé. Mai korewa ya zama tabbatacce, tabbatacce ya zama mai korewa. Sai ki samu "Si j'avais dormi cette nuit, je ne serais pas fatiguée." Gwada da "Il est timide. Il n'a rien dit", za ki fito da "S'il n'était pas timide, il aurait dit quelque chose." Lura rien ta koma quelque chose, haka personne take komawa quelqu'un, wannan juyin ma ana mantawa da shi. Amfanin hanyar shi ne ba kya zaɓen tsari ko kaɗan, lokacin da ke cikin gaskiyar ne ke zaɓa miki.

A rubutun DELF B2 ana neman aƙalla kalmomi 250, sau da yawa wasiƙar koke ko ta kare ra'ayi, kuma jimla ɗaya irin wannan da ta zauna daidai ta fi uku da aka cusa don burgewa. A wasiƙa zuwa ga magajin gari, misali: "Si la mairie avait curé les caniveaux avant l'hivernage, notre quartier ne serait pas inondé aujourd'hui." Da an yashe magudanan ruwa kafin damina, da yau unguwarmu ba ta cikin ruwa. Kafin ki miƙa takarda, ki tabbatar da abin da kike nufi: in ruwan yana kwance har yanzu, "ne serait pas inondé". In ya janye, ambaliyar watan jiya kike kuka da ita, sai ki cire aujourd'hui ki rubuta "n'aurait pas été inondé le mois dernier".